Mujahida da Kwalabenta Shida

Da sunan Allah za mu fara. Manar, gyara zama ki rubuta, kuma da Hausa, yadda ya fito daga bakina. In kika juya shi Larabci ƙannena da ke Gwarzo ba za su gane ba. Labarin gwaggonki Mujahida ne. Ya bazu cikin dangi kowa da irin nasa, har an ce wai ni da kakarki mun shanye mata magani. Ba mu sha komai ba. Ga yadda aka yi.

Ni na zo Makka ina saurayi, na yi aikin hajji na zauna. Na yi shekaru muna ɗaukar tsofaffi a kan gadon katako, mu huɗu, muna ɗawafi da su. Da aka daina wannan na koma tura keken sa'ayi, har gwiwa ta ce ya isa. Kakarki Zali haifaffiyar unguwar Jarwal ce a nan Makka, da takardunta na zama, shi ya sa 'ya'yanmu suka samu makaranta. Ni da ita kuwa ba wanda ya iya karanta takarda, ta Larabci ko ta boko. Surorin sallarmu a ka muka riƙe su.

Mujahida ita ce ta uku. Tun tana ƙarama ba ta iya bayani ba. Tana shekara tara ta kwashe kofunan shayin baƙi guda bakwai ta jera su a bayan tankin ruwa a kan soro. Kowanne ta zuba masa zoɓo, wannan ta ɗiga masa lemon tsami, wancan kanwa, wancan sabulu, ta zauna tana kallon launi yana juyawa. Kwana uku uwarta tana neman kofuna. Da aka gano su na ce, ke, me ya hana ki faɗa? Ta ce ai ba a tambaye ta inda suke ba, an tambaye ta ne ko ta fasa su. Yanzu shekararta arba'in da biyu, ba abin da ya ragu.

Ta yi karatu, ta shiga jami'a, ta fito ta koyar da 'yan mata kimiyya shekara tara. Ta auri Abdulbaƙi direban bas, mutumin kirki, mai haƙurin da ni ba ni da shi. Suka kama gida a unguwar Aziziyya, 'ya'ya uku. Na ce to, ta zauna. Sai wata Juma'a muna cin abincin rana ta ce ta ajiye koyarwa, ta koma jami'a za ta yi duktura, wato digirin ƙarshe.

Na ce, "Me ya rage ba ki karanta ba?"

Ta ce, "Sabon magani nake so in nemo, Baba."

Na ji daɗi. Na gaya wa mutanen masallacinmu duka. Da shekara ta zagayo na ce ta kawo mini na gwiwa. Ta ce ba irin wannan ba ne. Na ce wane iri ne? Ta ce yana da wuyar faɗa. Sai da na tambaya sau biyar, ranar na ce ba za ta tashi daga tabarmar nan ba sai ta faɗa. Shi ne ta karɓi carbina ta lanƙwasa 'ya'ya biyar ta yi zobe da su.

"Ka ga wannan? Yawancin magungunan da ake sayarwa, in ka shiga can cikinsu inda ido ba ya gani, akwai zobe irin wannan. 'Ya'ya uku iri ɗaya ne, biyu baƙi ne a cikinsu. Aikina in ƙulla sabon zobe da ba wanda ya taɓa ƙullawa, in rataya masa wani abu a gefe, in ga ko zai kashe ƙwayar cuta."

"Da hannu kike ƙullawa?"

"A tukunyar gilashi. A dafa awa takwas, awa goma, wani ma ya kwana."

"In ya dahu wa zai sha?"

"Ba mai sha. A faranti ake gwadawa."

Maganin da ba mai sha. Na karɓe carbina. Amma dai na gane, ki rubuta na gane, don in an yi mini bayani da baki ina ganewa.

Shekara biyar tana wannan girki a wurin da suke kira ma'amal, ɗakin gwaje-gwajensu. Abayarta warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi, har Zali ta hana ta rataye ta kusa da namu kaya. Yatsunta suka yi ɗorawa kamar ta wuni tana daka kurkum. Bikin dangi sai ta zo ana naɗe tabarmi. A shekara biyar ɗin zobe goma sha huɗu ta ƙulla, ko suna ba su da shi, sai lamba. Goma sha uku ba su yi wani abin kirki ba. Lamba ta tara ce ta yi. Ta nuna mini hotonsa a waya: faranti cike da wani abu kamar hazo, wai su ne ƙwayoyin cutar, irin masu taurin kai da ba sa jin magungunan asibiti. A tsakiya ga 'yar takarda da ta jiƙa da lamba ta tara, kewayenta fes, faɗin murfin kwalba, ko ɗaya ba ta iya matsowa ba.

Sauran bayanin da zan faɗa yanzu duk daga baya na ji shi. A lokacin ba wanda ya gaya mana. Malamarta, Duktura Dalal, ta ce ba za a karɓi aikin ba sai an ga surar zoben da hujja. Don a gani kuwa sai garin maganin ya zama ƙwaya guda mai sheƙi, kamar ƙwayar sukari. Akwai wata na'ura a Jidda da take haska irin wannan ƙwaya ta zana abin da ke cikinta. Layin na'urar dogo ne. Da ƙyar aka ba ta rana ɗaya, kwana goma sha biyu bayan Babbar Sallah. In ta samu hoton a ranar, ta kare littafinta a gaban malamai a wannan shekara, ta shida, ta huta. In ba ta samu ba, shekarar ta tafi.

Mutanen Gwarzo ba su san yadda muke a lokacin hajji ba, to a gaya musu. Mai gida a Aziziyya yakan bar wa alhazai gidansa, ya kulle kayansa a ɗaki ɗaya ya koma wurin dangi. Jami'a ma rufewa take yi. Ranar ɗaya ga watan hajji sai ga Mujahida a gidanmu na Jarwal da katifu, da wani kwalin dabino da ta rungume kamar jariri. Ta shiga ɗakin uwarta ta daɗe. Kwalabe ne shida, kowacce kamar babban yatsa, da wani ruwa garai a ciki mai warin sibirton asibiti. Ta rufe bakinsu da takardar azurfa irin ta naɗe abinci, ta jera su a kabad ɗin da Zali ke ajiye turaren wuta, ta manna wata takarda a ƙofar kabad ɗin. Ta fito ta ce, "Inna, na ajiye kaya a nan." Iyakar maganarta ke nan. Ina zaune, da kunnena na ji.

Ran takwas ga wata ta tafi Mina, don kowace shekara tana yi wa mata alhazai Hausawa tafinta a wurin likitoci. Abdulbaƙi yana jigila tsakanin Arfa da Muzdalifa. 'Ya'yansu suna Ɗa'if wurin uwarsa. Babanki Talal da ku duka kun tafi rabon abinci a tantuna. Gidan ya rage ni da Zali.

Zali kullum da safe sai ta buɗe kabad ɗin ta ɗauki turare. Mace ce mai lura. Ranar Arfa bayan azahar ta kira ni.

"Ya Abu Talal, zo ka gani. Maganin yarinyar nan ƙafewa yake yi."

Na duba. Ruwan da ya zo kusa da wuyan kwalba ya koma rabi. Ta nuna mini takardar azurfar, duk 'yan ƙananan huji.

"Dubi, har tururuwa ta huda murfin. Ta nan yake fita."

Na ce, "Ga takarda nan ta manna."

"To karanta mana, malam."

Na bar maganar. Na kira wayar Mujahida sau biyu ba ta shiga ba, ranar Arfa wace waya ce ke shiga. Na kira Talal, haka. Na taka da sandata zuwa ƙofar maƙwabta, a kulle, su ma suna Mina. Mai kanti ya rufe. Unguwa tsit kamar an share.

Yanzu duk mai dariya ya sa kansa a inda muke. Wahalar 'yarka ta shekara biyar tana ƙafewa a gabanka, kwana uku kafin ta dawo, kuma yadda yake raguwa ba zai kai ba. Mu kuwa a gidanmu, kamar kowane gidan Makka, abin da ake ji da shi in ya ragu da Zamzam ake cika shi. Ruwan mara lafiya, tulun baƙi, jiƙon mai jego, duk haka muke yi tun kafin a haifi Mujahida.

Zali ta ce, "Ɗauko jarkar nan. Ruwan da ba ya ɓata komai."

Ni na ɗauko ta daga ƙarƙashin gado, ba na musu. Ita ta wanke abin ɗiga maganin idonta sau uku. Da muka ɗaga kwalbar farko wajen haske, na ga wasu 'yan ƙwayoyi a gindinta suna ƙyalli. Zali ta ce, "Ka gani, har ya fara kamu kamar ƙanzo." Ta yi bisimilla ta ɗiga Zamzam. Nan take ruwan ya koma fari kamar nono. Ta ce, "Ya karɓa." Ta sa tsinken sakace ta motsa ƙwayoyin don su narke, ta murƙushe su sarai. Haka ta bi shidan ɗaya bayan ɗaya, ni ina riƙe da jarka. Ta yayyaga leda ta ɗaure bakin kowacce da zare, tam, ko iska ba za ta fita ba. Muka rufe kabad muka yi la'asar da kwanciyar rai.

Ran sha biyu ga wata da rana Mujahida ta dawo, ƙafafu a kumbure, murya ta dishe. Gaisuwa ma a tsaye ta yi, ta wuce ɗakin. Muka ji ƙarar ƙofar kabad. Da ta daɗe ba ta fito ba na tashi na bi ta, Zali na bayana. Tana tsugune da kwalba a hannu.

"Wa ya taɓa?"

Zali ta ce, "Ni da babanki. Da ba mu lura ba, da kin tarar da shi ya ƙafe ƙaf."

"Ƙafewar nake jira, Inna."

"Kamar yaya?"

"So ake ya ƙafe a hankali, sati uku, ba a motsa shi. Yana ƙafewa ƙwayar tana girma. Hujin nan ni na yi su da allura." Ta juya kwalbar. "Akwai ƙwayoyi a gindi?"

Ta ga tsinken sakacen a gefen turare, ta ɗauka ta duba ta ajiye.

Zali ta ce a hankali, "Zamzam ne fa."

"Na sani, Inna. Ba laifin Zamzam ba ne. Abin ne ba ya zama da ruwa, kowane iri. A sibirto kaɗai yake narkewa." Sai ta miƙe ta ɓamɓare takardar daga ƙofar kabad ta miƙo mini. "Na rubuta fa, Baba. Da Larabci da Turanci. Kada a taɓa, kada a girgiza."

A nan raina ya ɓaci, har yanzu in na tuna ɓaci yake yi.

Na ce, "Wa kika rubuta wa? A gidan nan wa ya taɓa karanta miki takarda? Takardar sakamakonki ta makaranta ba ke kike tsayawa ki karanta mana ba? Ta asibitin uwarki ba ke ake kai wa ba?"

Ta tsaya tana kallon takardar kamar yau ta fara ganinta. Can ta ce, "Haka muke yi a ma'amal."

"Nan ma'amal ne? Kwana bakwai kina gidan nan kina cin tuwon uwarki. Bakinki ciwo yake yi? Inna, zai ragu, ku bar shi. Kalma nawa ce?"

Zali ta juya ta shige kicin. Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba, tana wanke tukwanen da ke wanke tana cewa ta kashe wa yarinya shekara biyar. Ni ina tsakanin mata biyu, ɗaya ba ta magana don halinta ne, ɗaya ba ta yi don kunya.

Maganin dai bai mutu ba. Mujahida ta tace farin ruwan da takarda, gari ya tsaya, ta shanya shi. Amma sabon sibirto sai an buɗe jami'a, kuma da aka buɗe saura kwana shida ranarta. Abin da ke son sati uku. Ta gwada duk da haka. Abin da ya fito wasu 'yan silalla ne kamar auduga. Ta kai su Jidda, mutumin na'urar ya duba ya ce sun yi siriri, haske ba zai kama su ba. Ta dawo muna cin abinci ta ce, "An ɗaga." Ta ci gaba da cin shinkafarta. Sai da na tare Abdulbaƙi a bakin ƙofa sannan na san abin da aka ɗaga: sabuwar rana sai bayan wata huɗu, kare littafi kuwa sai wata shekarar. Shekara guda cur, a kalma biyu ta faɗe ta.

Washegari na sa aka kira ta. Na ce, "Uwarki tana ramewa. Abin da kika iya yi wa matan Mina, ki tsaya tsakaninsu da likita ki fassara, ki yi wa uwarki shi."

Sati bai cika ba ta zo da kwalba ɗaya cikin sababbi shida da ta haɗa. Sauran biyar ta bar su a ma'amal. Ta zaunar da Zali a bakin gado, ta yi mata bayani da baki, rabin awa, tun daga zobe har na'urar Jidda. Ta sa kwalbar a kabad ɗin nan dai, ta ce, "Inna, wannan a hannunki take. Kada kowa ya motsa ta."

Ni na jawo wa kaina. Zali ta kwashe turarenta ta ɗaure ƙofar kabad da ɗankwali. Ta hana kunna na'urar sanyi a ɗakin wai tana sa bango rawa. In na jingina da bango, magana. In na buga sanda a ƙasa, magana. Tari ma sai na fita tsakar gida. Ke kanki an kore ki daga ɗakin don kin zo da takalmi mai ƙara, kada ki ce kin manta. Sati uku ina kwana a falo a gidan da na gina ƙofarsa da hannuna.

Ranar Jidda na ce sai na je. Abdulbaƙi ya ja mota. A hanya Zali ta kira Mujahida a waya daga gida tana tambaya daga wace kwalba aka ɗauki ƙwayar da za a haska. Mujahida ta ce, "Taki, Inna." Na dubi Abdulbaƙi, ya kafa ido a kan titi. Ban sani ba ko gaskiya ce, ban kuma tambaya ba.

Tun hantsi muke zaune a mota har la'asar. Mujahida ta fito da takarda a hannu, fuskarta ba murna ba baƙin ciki.

Na ce, "Ya yi?"

"Ya fito."

"To alhamdu lillahi."

"Sai dai ba zoben da na zata ba ne. Mai 'ya'ya biyar na ƙulla, ashe ta ɗaya gefen ya rufe. Mai shida ne."

"Shekara biyar kina dafa abu ba ki san kamanninsa ba?"

"Shi ya sa ake haskawa, Baba."

"To ya lalace ke nan?"

"A'a, yana kashe cutar yadda yake. Babi biyu na littafin ne sai na sake rubutawa. Duktura Dalal ma murna za ta yi, ba a cika samun irin wannan ba."

Na ce, "Da ba mu zuba ruwan ba, da mai biyar ɗin zai fito?"

"A'a. Da dai na sani tun wata huɗu da suka wuce."

Ta ce wa Abdulbaƙi ya yi sauri, tana so ta biya ma'amal kafin a rufe. Ni ko abincin rana ban ci ba.

Ta sake rubuta babinta biyu. A watan Rajab na shekara ta bakwai ta kare littafin a gaban malamai. Zali ta shiga ta zauna tun farko har ƙarshe, ni ina waje a inuwa. Ita ta fito ta gaya mini an ba ta dukturar, don in ta Mujahida ne sai in ji a masallaci. Lamba ta tara kuwa har yanzu a faranti take. An ce sai an gwada a kan ɓeraye, daga nan wasu shekaru, wataƙila ta zama magani, wataƙila ba za ta zama ba.

Shekarar da ta tafi ta tafi, ba mai dawo da ita. Jarkar ni na ɗauko, na amsa wannan a gabanta da gaban uwarta. Zali ta amsa nata har da hawaye. Amma rabin laifin nan na Mujahida ne, kuma har yau ba ta buɗe baki ta ce haka ne ba. Ki rubuta shi yadda na faɗa, kada ki sassauta don gwaggonki ce. In kin gama ki kai mata ta karanta, tunda ita takarda take ji.